Filin Tambaya da Amsa: Dutsen Fosfat da Abin da Ke Faruwa a Fatarsa

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan fosfat, ko da yake masu aiko su ba su san juna ba. Na taƙaita su don wuri ya ishe mu, ban taɓa ma'anar ko ɗaya ba. Ta ɗalibi na sa a gaba, domin amsarta ce za ta share wa sauran hanya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. A littafinmu an rubuta ma'adinin afatait da tsari ɗaya tak, Ca5(PO4)3F. Amma malaminmu ya ce dutsen fosfat na wata ƙasa yana narkewa cikin sauƙi, na wata kuma sai da asid mai ƙarfi. In dai tsarinsu ɗaya ne, yaya halinsu zai bambanta? Daga ɗalibin kimiyyar sinadarai.

Amsa: Ɗana, malaminku ya faɗi gaskiya, littafin ma bai yi ƙarya ba. Abin da littafin ya ba ka shi ne afatait tsantsa, wanda ba baƙo ko ɗaya a jikinsa, shi kuwa irin wannan da wuya ka tono shi a ƙasa.

Tubalin ginin shi ne fosfat: ƙwayar zarrar fosforas ɗaya, ƙwayoyin oksijin huɗu kewaye da ita, da cajin ragi uku. Kalsiyam ne ke ɗaure waɗannan tubala da juna, sai ya bar wasu siraran hanyoyi da suka ratsa tsawon kiristal ɗin. A cikin hanyoyin nan fulorayid ke zama, ko haidiroksil, ko kulorayid, kuma wanda ya zauna shi ke raɗa wa ma'adinin suna. Ginin nan ba ya korar baƙo. Sodiyam da magniziyam da sitirontiyam suna shiga mazaunin kalsiyam, haka kadmiyam da yuraniyam. Babban baƙon da ya shafi tambayarka kuwa shi ne kabonet, wanda ke tsuguna a mazaunin fosfat ɗin kansa. Kabonet falle ne, oksijin uku gare shi da caji biyu, don haka bai cika gurbin da ya shiga ba. Ginin sai ya ɗan karkace, ƙwayoyin kiristal su kasa girma, ɗaurin ya yi sako-sako. Afatait mai kabonet da yawa shi ake kira farankolait, shi ne kuma ke cikin yawancin dutsen fosfat da duniya ke haƙa.

Asalin dutsen ke yanke wannan hukunci. Akwai wanda ya daskare daga narkakken dutse a can ƙarƙashin ƙasa, irin na tsaunukan Hibini a yankin Kola na Rasha, da Falaborwa a Afirka ta Kudu, da Silinjarbi a Finlan. In ka ɗora shi a tafin hannu za ka ga ƙwayoyi manya masu sheƙin gilashi, sau da yawa kore-kore, taurinsu 5 a ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai, bakin wuƙa na karce su amma da ƙyar. Akwai kuma wanda ya kwanta a gindin tsoffin tekuna, irin na Huribga a Maroko, da Gafsa a Tunisiya, da Fulorida da Arewacin Karolina a Amurka, da Secura a Feru. Wannan ba sheƙi, ƙananan dunƙulalliyar tsakuwa ne masu ruwan ƙasa, ka sa madubin ƙara girma ka gan su duk ramuka, wani lokaci har da haƙorin kifin shak a tsakaninsu. Maroko kaɗai na riƙe da kusan kashi 70 cikin ɗari na ajiyar da aka tabbatar a duniya, kuma nata irin na teku ne.

Yanzu ɗauki alƙalami. Dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da fata murabba'in santimita 6. Yanka shi gunduwa-gunduwa har kowane gutsure ya zama maikiromita ɗaya: nauyi bai canza ba, amma fatar ta koma murabba'in mita 6. Asid ba ya cin dutse daga ciki, daga fata yake farawa. Dutsen teku ya haɗa rauni biyu ke nan, ga sako-sakon gini, ga fata mai yawa a cikin ramukansa. Shi ya sa a ɗakin gwaji ba a tsayawa ga auna jimillar fosfat, sai an jiƙa garin dutsen a asid ɗin sitirik mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, ko asid ɗin fomik, a ga nawa ya narke. Na Gafsa da na Arewacin Karolina kan fito a sahun gaba, na Kola a can baya, alhali na Kola bayan an tace shi ya fi su yawan fosfat. Duk wanda ya kawo maka takardar gwaji da adadin P2O5, wato jimillar fosfat, kaɗai a kai, rabin labari ya kawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Gonata jar ƙasa ce. Duk shekara ina zuba takin sufa, amma ganyen masara kan yi shuɗi-shuɗi mai ja tana ƙarama. Wani ya ce mini ƙasar ce ke cinye takin. Da gaske ne? Kuma an ce ana iya zuba niƙaƙƙen dutsen fosfat kai tsaye ba tare da an sarrafa shi ba, ko zai yi mini? Daga wani manomi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya maka haka bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ƙasar ba cinyewa take yi ba, riƙewa take yi. Launin nan da kake gani a ƙananan ganye yana cikin sanannun alamun ƙarancin fosforas, ko da yake sanyi ma kan jawo shi, don haka gwajin ƙasa ne zai raba gardama.

Sufa ba wani abu ba ne illa dutsen fosfat da aka zuba wa asid ɗin salfurik, wato irin na ruwan batir, ya koma gishirin da ke narkewa a ruwa haɗe da jifsam. John Bennet Lawes ne ya yi wa dabarar rajista a Ingila a 1842. Da ƙwayar takin ta faɗa ƙasa mai laima sai ta tsotsi ruwa, ruwan da ke tsatsowa daga jikinta kuma tsami ne ƙwarai, ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin da lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, bai kai 2 ba. Yana fita sai ya ci karo da abin da ya sa ƙasarka ta yi ja, wato tsatsar ƙarfe da ta lulluɓe ƙwayoyin yashi da laka, tare da 'yar'uwarta ta alminiyam. Fatar tsatsar nan cike take da haidiroksil. Fosfat na zuwa sai ya ture haidiroksil ɗin, ya ɗaure kai tsaye da ƙarfen ta oksijin ɗinsa ɗaya ko biyu. Wannan ba mannewar caji ba ce da ruwan sama zai wanke, ɗauri ne na sinadari. Da tafiya ta yi tafiya kuma sai ya kutsa cikin ramukan tsatsar, sabuwar tsatsa ta rufe shi. A ƙasa mai farar ƙasa da yawa hanyar daban ce amma ƙarshen ɗaya: kalsiyam ne ke kama shi, ya riƙa mayar da shi sannu a hankali zuwa ma'adinai masu wuyar narkewa, har ya doshi afatait ɗin da aka fito da shi daga ciki. Tsakanin pH 6 da 7 ne kamun ya fi raguwa ta ɓangarorin biyu.

Ga kuma wani abu: fosfat malalaci ne a cikin ƙasa. Naitaret na bin ruwa duk inda ya yi, shi kuwa fosfat 'yan milimita yake matsawa. Dole saiwa ta je ta same shi. Shi ya sa a shekarar farko shuka ba ta cika ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka zuba ba.

To me za ka yi? Kada ka watsa sufa a faɗin gona. Duk ƙwayar da ka watsa ka ba ta tsatsa mai yawa ta yi hulɗa da ita. Binne shi a layi ko a rami, ɗan nesa kaɗan da iri kuma ƙasa da shi, lokacin shuka. A nan takin zai ƙosar da tsatsar da ke kusa, ragowar ta tsaya wa saiwa. Takin gargajiya da ruɓaɓɓen ganye na taimakawa sosai, domin asid ɗin da ke fita daga ruɓewarsu na gogayya da fosfat a kan mazaunai iri ɗaya a fatar tsatsar. In gwaji ya nuna tsamin ƙasar ya yi yawa, farar ƙasar noma za ta rage shi. Kuma abin da ƙasa ta riƙe bai salwanta duka ba, wani kaso na dawowa a shekarun da ke biye, sai dai a hankali.

Batun niƙaƙƙen dutse kuwa, yana yi, amma da sharuɗɗa, kuma masu tallarsa ba su cika faɗinsu ba. Dole dutsen ya kasance irin na teku mai yawan kabonet. Dole ƙasar ta kasance mai tsami, pH 5.5 ko ƙasa da haka, mai ƙarancin kalsiyam, ga isasshen ruwan sama. A nan dokar ta juye: shi watsa shi ake yi a cuɗa da ƙasa, domin tsamin ƙasar ne asid ɗin da zai narkar da shi, kana so kowace ƙwaya ta taɓa ƙasa ta kowane gefe. Kada kuma ka haɗa shi da farar ƙasa a lokaci ɗaya, don za ka kashe tsamin da yake buƙata, ka kuma cika wurin da kalsiyam. Ya fi dacewa da itatuwa da ciyawar kiwo da duk shukar da ke daɗewa. Ga masara mai neman abincinta cikin makonnin farko, ni dai ba zan ce ka jingine sufa ka dogara da shi kaɗai ba.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciya ce a sashen haƙori. Marasa lafiya kan tambaye ni yadda ɗan fulorayid ɗin man goge baki zai kare haƙori alhali tofar da shi ake yi. Ina ba su amsar da aka koya mana, amma ni kaina ina so in fahimci abin da ke faruwa.

Amsa: Malama, farin rufin haƙori dutse ne na gaske, kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyinsa afatait ne, irin mai haidiroksil, kuma da kabonet a jikinsa. Kin ga ke nan raunin da na bayyana wa ɗalibin can a sama yana bakin kowa.

Haƙori ba a zaune yake lafiya lau ba, kullum cikin ba-ni-in-ba-ka yake da yawu. Yawu na ɗauke da kalsiyam da fosfat da yawan da ke hana rufin narkewa. Da sukari ya shiga baki, ƙwayoyin bakteriya da ke manne a haƙori sai su mayar da shi asid, cikin 'yan mintuna pH ya faɗi. In ya sauka ƙasa da kusan 5.5, fatar kiristal ta fara sakin kalsiyam da fosfat. Bayan rabin awa zuwa awa ɗaya yawu ya wanke tsamin, abin da ya fita ya fara komawa. Ramin haƙori sakamakon lissafi ne: fita ta fi komawa yawa, wata da watanni.

A lokacin komawar nan fulorayid ke aikinsa. A cikin siraran hanyoyin kiristal akwai gurbi tsakanin kalsiyam uku. Haidiroksil ya ɗan yi wa gurbin girma, sai ya zauna a karkace, ɗan sama ko ɗan ƙasa. Fulorayid kuwa yana shigewa daidai, kamar maɓalli a ramin rigarsa. In yana cikin ruwan da ke kewaye da haƙori, ko da ɗan mitsitsi ne, sai ya manne a fatar kiristal ɗin da ya fara zaizayewa, ya jawo kalsiyam, sabon rufi ya tsiro da sauri. Sabon rufin ya bar kabonet a waje, ya ɗauki fulorayid, kuma ba ya fara narkewa sai pH ya kai wajen 4.5. Tazarar maki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne na tsami. Ba sai ya ratsa haƙorin duka ba, tunda asid ma daga waje yake kawo hari. Wannan ne dalilin shawarar da kuke bayarwa cewa a tofar amma kada a kurkure da ruwa nan take.

Ki kuma riƙa tuna musu ɗaya gefen. Fulorayid in ya yi yawa a ruwan sha lokacin da haƙoran yaro ke ginuwa, yana ɓata rufin, ya bar dabbare-dabbare, in ya tsananta har ƙashi yake taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita. A yankunan da ruwan rijiya ya zarce haka, irin wasu sassan Gabashin Afirka, ana tace ruwa da gawayin ƙashi. Ƙashi ma afatait ne, ƙwayoyinsa sun fi na haƙori ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ƙishin fulorayid ɗin nan da ke kare haƙori shi ne ke tsame shi daga ruwa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina aiki a ɗakin gwajin ma'adinai. Muna ƙoƙarin raba afatait da dolomait ta hanyar kumfa, da sabulun oliyet. In na gwada kowane ma'adini shi kaɗai a tataccen ruwa, ina samun pH ɗin da ɗaya ke tasowa ɗaya na zama. Da na haɗa su sai duka su taso tare. Injin ne ko maganin?

Amsa: Ɗan'uwa, ba injin ba ne, ba kuma maganin ba. Ka ci karo da matsalar da ta fi kowace daɗewa a wannan sana'a, kuma ita ce wasiƙar da ta fi burge ni a makon nan.

Bari in fara da bayani saboda sauran masu karatu. Ana niƙa dutse, a dama da ruwa, a zuba wani magani da ke manne wa ma'adini ɗaya ya sa shi ƙin ruwa, sannan a hura iska. Ƙwayoyin da suka ƙi ruwa sai su maƙale wa kumfa su taso sama a kwashe, sauran su zauna. Oliyet sabulu ne: gefensa ɗaya na kama kalsiyam, ɗaya gefen mai ne da ke korar ruwa. In abokin zaman afatait yashi ne, aiki da sauƙi, tunda yashi ba kalsiyam a fatarsa. A Fulorida tun 1942 ake bin dabarar Crago: a taso da fosfat da sabulu da ɗan man inji a pH wajen 9, a wanke maganin da asid ɗin salfurik, sannan a sa amin, mai cajin ƙari, ya ɗauke ragowar yashin da ya biyo, domin fatar yashi cajin ragi gare ta.

Kalsait da dolomait kuwa, ma'adinan kabonet, dangin kalsiyam ne su ma, dolomait har da magniziyam a jikinsa. Sabulu bai san wannan kalsiyam na fosfat ne, wancan na kabonet ne ba. Wannan ita ce matsala ta farko, kuma ka riga ka santa. Ta biyun ce ke wasa da kai. Duka ukun suna ɗan narkewa a ruwa, kaɗan ƙwarai amma ya isa. A tulu ɗaya, kabonet da magniziyam na barin dolomait su sauka a kan afatait, fosfat na barin afatait ya sauka a kan dolomait. Cikin mintunan da kake juya damun, kowannensu ya ari fatar ɗan'uwansa. Somasundaran da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka sun nuna haka a shekarun 1980: afatait da aka jiƙa a ruwan da kalsait ya kwana ciki, cajin fatarsa kan koma irin na kalsait in ruwan ba mai tsami ba ne. Kumfa ba ta ganin cikin ƙwaya, abin da ke waje kawai take taɓawa. Gwajinka na tataccen ruwa daidai ne, sai dai ma'adinan da ka auna a can ba su ne ke cikin damun ba.

Wannan ne ma ya sa in ka bi rubuce-rubucen masana kana neman pH ɗin da cajin fatar afatait ke zama sifili, za ka ga wasu sun samu kusa da 4, wasu sama da 7. Ba sakaci ba ne. Wani ya wanke samfurinsa da asid, wani bai wanke ba, wani ya jiƙa na awa ɗaya, wani na kwanaki, wani ya bar iska ta shiga ruwan da kabon dayoksaid ɗinta. Ni ba na ɗaukar adadin kowa in ɗora a kan dutsen da ba nasa ba, kai ma kada ka ɗauka.

Mafitar da ta fi karɓuwa ita ce juya aikin: a danne afatait, a taso da kabonet. Ana sauke pH zuwa wajen 5 da asid ɗin fosforik ko salfurik. Fosfat ɗin da ke cikin ruwa sai ya rufe fatar afatait, ya riƙe ruwa gam, sabulu ya rasa wurin kamawa. Shi kuwa dolomait asid na cin fatarsa, yana sabunta ta, ƙananan kumfar kabon dayoksaid na tsirowa a kanta. Haka ake yi a ma'adinan Yunnan da Guizhou da Hubei a ƙasar Sin, inda dolomait ya yi katutu. A Birazil, mai dutse irin na narkakken dutse, sitacin masara da aka dafa da soda suke sawa ya danne abokan zaman, afatait ya taso. Inda kabonet ya yi yawa kuma makamashi na da sauƙi, wasu ƙona dutsen suke yi a zafi sama da digiri 900 na Salsiyas su huta. Duk wannan wahala saboda masana'antar asid ɗin fosforik ba ta son magniziyam: yana sa asid kauri, yana hana jifsam ɗin da ke fitowa tare da asid ɗin tacuwa, ga kabonet na shanye asid a banza. Masu saye kan nemi magniziyam ɗin dutsen, da ake aunawa a matsayin MgO, ya tsaya ƙasa da kashi 1 cikin ɗari.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Daina gwaji da tataccen ruwa, yi da ruwan da masana'antar za ta yi amfani da shi, har da wanda ake maimaitawa. Ruwa mai kalsiyam yana kashe sabulu tun bai kai ga dutse ba, ya mayar da shi farin dusa-dusan nan da ke tasowa in an yi wanki da irin wannan ruwa. Cire laka kafin ka sa magani, domin ita ce mai fata mafi yawa, za ta shanye maganin ta kuma shafe manyan ƙwayoyi. Riƙe lokaci: mintunan da ke tsakanin niƙa da zuba magani, da tsakanin magani da hura iska, su zama ɗaya a kowane gwaji, kuma ka rubuta su. Maganin da ke dannewa ya riga sabulun da ke taso da kaya shiga. Sannan ka koyi karanta kumfa. Wadda ta ɗauko kaya ba ta sheƙi, ƙanana ce, tana jan jiki a hankali zuwa bakin tulu. In ta koma garau tana fashewa da wuri, kaya sun ƙare, kashe iska. Busar da ɗan abin da ka kwasa, ɗiga masa asid ɗin haidirokulorik mai ruwa-ruwa. Kalsait zai tafasa nan take, garin dolomait zai yi a hankali, afatait mai sheƙi zai narke shiru. Kafin sakamakon babban gwaji ya dawo ka riga ka san inda ka dosa.

Tambaya: Malam, na tsinci wani ma'adini a cikin laka mai ruwa. Da na fasa fari-fari ne, bayan kwana kaɗan ya koma shuɗi mai duhu. Mene ne?

Amsa: Bisa kwatancenka, bibiyanait ne, fosfat ɗin ƙarfe mai ruwa a jikinsa. Yana tsirowa inda iska ba ta kai, a fadama da gindin tafki, har a kan tsohon ƙashi da ke binne. Da iska da haske suka taɓa shi, wani kaso na ƙarfen ya tashi daga caji biyu zuwa uku, musayar lantarki tsakanin maƙwabtan biyu ce ke ba da shuɗin. Gwada shi da farce, yana da laushi, zai karcu. Launin ba ya komawa. In kana son ragowar ta daɗe, rufe ta a kwalba ka ajiye a duhu. Masu zane a Turai sun yi amfani da shi a matsayin shuɗin fenti a ƙarnonin baya, yau kuma a Holan ana gwada tsamo shi da maganaɗisu daga dagwalon masana'antar tace ƙazamin ruwa don a dawo da fosforas ɗin.

Tambaya: Na karanta cewa wasu ƙasashe na zuba fosfat a ruwan famfo da gangan. Don me? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Don dalma, Malama. Tsoffin birane da yawa har yau suna da bututun dalma a ƙarƙashin ƙasa. In ka cire kalsiyam daga ginin afatait ka sa dalma a mazauninsa, ka sami ma'adinin da ake kira fairomofait, ɗaya daga cikin mahaɗan dalma mafi wuyar narkewa. Ɗan fosfat kaɗan a cikin ruwa, miligiram ɗaya ko biyu a lita, sai ya haɗu da dalmar da ke fatar bututu ya gina siririn ɓawo irin wannan, ɓawon ya shiga tsakanin ƙarfen da ruwan sha. Yawancin ruwan famfon Birtaniya haka ake yi masa. Abin da ke faruwa in babu wannan kariya an gan shi a Filint ta jihar Mishigan a Amurka: a Afrilun 2014 aka koma ɗibar ruwa daga kogi ba tare da maganin hana cin bututu ba, tsohon ɓawon ya zaizaye, dalma ta shiga ruwan gidaje. Ɓawon ba ya tsayawa da kansa, sai an ci gaba da ciyar da shi, don haka dabara ce ta sayen lokaci kafin a tone bututun a sauya.

Ana yin irin wannan da ƙasar da dalma ta gurɓata, a cuɗa ta da fosfat ko garin ƙashi don dalmar ta koma fairomofait, ta rage shiga jiki in yaro ya haɗiyi ƙura. Amma sai an auna ƙasar tukuna. Arsenik a siffar arsenet kusan tagwaye ne da fosfat, girma kusan ɗaya, caji ɗaya, mazauni ɗaya suke nema a fatar tsatsar ƙarfe. In ƙasar na ɗauke da duka biyun, fosfat ɗin da ka zuba zai ɗaure dalma, ya kuma ture arsenik daga inda yake manne ya sake shi cikin ruwan ƙasa.